Kwikwiyon Hunturu da Askar Mafarauci

Ba a kiwon kare ranar farauta. Mafarautan ƙauyukan Matameye, a ƙasar Kance ta jihar Damagaram, sun riƙe wannan magana hannu bibbiyu, shi ya sa ranar da karya ta haihu uban gidanta ba ya samun barcin kirki.

Cikin karya wajen kwana 63 ne. Kwikwiyo kan faɗo makaho kuma kurma, ba abin da ya iya sai laluben ɗumi da bin ƙanshin nono, sai ya kwana 10 zuwa 14 kafin ido ya buɗe. Jikinsa bai iya riƙe ɗumin kansa ba, don haka haihuwar hunturu sanyi ya fi yunwa yi mata ɓarna. A wani ƙauye na bakin Korama, inda ake noman rake, na ga dattijo ya shimfiɗa wa karyarsa tsohon buhu ƙarƙashin rumbu, ya tare mata iska da zana, yana kai mata kunun dusa tun da asuba. Ya ce mini, "Ɗana, dakashin ranar farko shi ne ƙafar kare." Gaskiya ya faɗa, domin a nonon farkon nan kwikwiyo ke karɓar garkuwar jiki daga uwa.

Inda ban bi dattijon ba shi ne wajen aska. Da kwikwiyo ya ɗan tasa sai a datse masa kunnuwa, wai zai fi zafin rai, zai fi ji, kuma ba abin da zai kama shi ta nan. Hujja ta ƙarshe tana da nauyi, ba na musunta. Wanda ya taɓa ganin kare ya dawo daga daji ƙaya ta yaga masa kunne, ko an yi kare jini biri jini an bar shi da tsumma a gefen kai, ko ƙudan damina sun cinye masa bakin kunne, ya san abin da tsofaffi ke gudu.

Amma batun ji da zafin rai, sam. Fatar kunnen nan ita ke tattaro sauti ta zuba shi ciki, kare yana juya ta duk inda motsi ya fito. Ta yaya rage ta zai ƙara ji? Ga karen Azawak da Buzaye ke kiwo a yankin Tawa, kunnuwansa a kwance suke, kuma yana cim ma barewa da gudu. Ga karnukan Alaska da ke jan amalanke marar ƙafa a kan ƙanƙara. A 1925, da mashaƙo ya ɓarke a garin Nome, cutar da ta addabi Matameye a 2023, su suka yi karɓa-karɓa da magani tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Togo, karen da ya ci zango mafi tsawo, da kunnuwansa cur ya yi aikin. Abin da masu su ke kula da shi tafin ƙafa ne da abinci mai maiƙo da shimfiɗa.

Ko a karin maganarmu hanci aka ambata: in ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Da hanci yake tayar da zomo, da huhu da ƙafa yake kama shi. Zafin rai kuwa gado ne da horo, kwikwiyo a bayan uwarsa yake koyon sa, daga bin kurege a bakin gona har ya kai karen bana mai maganin zomon bana.

Don haka, ƴan'uwa mafarauta, in karyarku ta haihu bana ku bar wa kwikwiyo kunnensa, ku bar shi kan nono har wajen wata biyu. In ya cika wata uku ku kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, saboda yaran gida da ke wasa da shi.