Kunya Ba Shiru Ba Ce: Mu Bar Yaranmu Su Yi Tambaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan uwa, a nan Mafaza da garuruwan bakin kogin Rahad, a jihar Gadarif, sau da yawa yabon da ake yi wa yaro shi ne: "Ba ya magana a gaban manya." Ladabi abu ne mai kyau, amma mun cakuɗa shi da tsoro. Yaron da ake kwaɓa duk sanda ya ce "me ya sa?" zai daina tambayar mahaifinsa da malaminsa na halwa, wato makarantar allo, sai ya koma ga waya. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, karatu ya tsaya na tsawon lokaci, jita-jita kuma ta cika WhatsApp da Facebook. Wanda bai saba auna magana ba, duk mai ƙarfin murya zai iya jan sa.

Sunna ba ta koyar da rufe bakin yaro ba. A cikin Sahihul Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, amma ya ji nauyi saboda shi ne ƙarami. Da ya faɗa wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi. Shi dai Umar ne yake zaunar da Ibnu Abbas, yana matashi, tare da dattawan Badar. A Suratus Saffat, aya ta 102, Annabi Ibrahim ya nemi jin ra'ayin ɗansa a kan mafarkin da ya gani.

Haka batun riƙe kai. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu. Malamai sun bayyana cewa ana ba yaro ɗan abu kaɗan ya juya, a ga hankalinsa. Ashe shiriya a kan dukiya aba ce da ake koya da aiki.

To, ta ina za mu fara?

Na farko, a halwa, bayan yaro ya biya allonsa, malam ya fassara masa aya da Hausa, ya ce ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Hadda ginshiƙi ce, fahimta kuma ita ke tsare ta.

Na biyu, idan yaro ya kawo labari, a tambaye shi: wa ya faɗa? Ya gani da idonsa? Wannan shi ne tushen isnadi, kuma shi ne tantancewar da aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarta.

Na uku, a ba shi amana daidai ƙarfinsa: kuɗin cefane, ko kunya biyu a gonar dawa ko riɗi. Idan ya yi asara, a zauna a yi lissafi tare, ba duka ba.

Na huɗu, babba ya iya cewa "ban sani ba". Imamu Malik ya shahara da wannan, bai kuma rage masa daraja ba.

Tambaya daban, jayayya daban. A koya wa yaro ya yi sallama, ya jira babba ya gama, ya sassauta murya, sannan ya tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kakanninmu da suka tako daga ƙasar Hausa a kan hanyar Hajji da tambaya suka iso.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo da zaman lafiya a Sudan. Amin.