Tarihin Da Ke Binne Tsakanin Dala Da Birnin Kudu

Daga Wakilinmu a Wudil

Duk wanda ya tsaya a Sabon Garin Wudil ranar Juma'a ya ga yadda ake koro shanu garke-garke zuwa kara, zai iya lura da wani abu wanda sabo ya hana jama'a kula da shi, watau kusan dukkansu masu tozo ne, farare da jajaye. Amma in mutum ya bi titin da ya fita daga Wudil ya nufi Birnin Kudu, zai tarar da waɗansu shanu dabam a jikin duwatsun garin, waɗanda mutanen dā suka zana, akasari da jan launi. Waɗansu dogayen ƙahoni gare su, waɗansu gajeru, amma bayansu a miƙe yake, ba tozo. Masana sun tabbatar da cewa shanu marasa tozo sun riga masu tozo zuwa Afirka ta Yamma, har yau kuwa akwai irinsu a kudancin ƙasar nan, waɗanda ake kira muturu. Ashe ke nan zanen yana ba da labarin wani zamani ne da makiyayan ƙasar nan ke kiwon dabbar da jikokinsu ba su sani ba.

A tsakiyar shekarun 1950 ne Bernard Fagg, Baturen Ingila wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya binciki zanen nan a Dutsen Mesa da Dutsen Habude da sauransu. A nan kuma ya lura da waɗansu duwatsu masu amo kamar kuge in an buga su, waɗanda duk sun yi gurabu saboda daɗewa ana bugu, ya kuma rubuta cewa mutanen garin suna haɗa su da al'adun biki. Birnin Kudu tana cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, ɗalibanmu da yawa sun ɗauka tarihin ƙasar Kano ya fara ne daga Bagauda. Dalilinsu kuwa littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kuma lissafta hawan Bagauda a shekarar 999. Littafin yana da daraja ƙwarai, amma labarin sarakuna ya fi ba da ƙarfi a kai. Abin da talaka ya ci, da irin tukunyar da ya dafa shi, da inda ya samo fartanyarsa, wannan sai a ƙasa ake nemansa, kuma shi ne aikin masu binciken kufai.

Yaya suke sanin shekarun abin da suka tono? Kowane abu mai rai, itace ko dabba, yana shaƙar wani sinadari da ake kira kabon-14 muddin yana raye. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa yakan tafi a cikin kimanin shekara 5,730. Saboda haka in aka sami gawayi a cikin tsohon murhu, aka auna abin da ya rage a jikinsa, sai a ƙiyasta lokacin da aka sare itacen. Da wannan awo ne aka gwada gawayin da aka samu a wurin narka tama a Dutsen Dala, sakamakon ya nuna wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Watau kimanin shekara 300 ko fiye kafin Bagauda, akwai mutane a Dala waɗanda suka san haƙar tama, da yin gawayi, da gina murhu mai zafin da zai fitar da ƙarfe daga dutse. Wannan kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai da manoma masu ciyar da maƙera, da masu sayen abin da aka ƙera.

Nan ne fa zancen ya shafi mutanen Wudil kai tsaye. Labarin kaka da kakanni ya ce Abagayawa, maƙeran farko na Kano, daga Gaya suka taso suna neman tama har suka yada zango a Dala. A labarin Bayajida ma, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya tafi da ita Daura. Ko mutum ya yarda da labaran nan ko bai yarda ba, abin lura shi ne duka biyun sun haɗa Gaya da ƙira. Wanda kuwa zai tashi daga Gaya ya nufi Dala, sai ya haye kogin nan da ya ratsa ƙasar Wudil.

Haka kuma a kudu maso gabas da birnin Kano, a yankin Dawakin Kudu mai maƙwabtaka da Wudil, akwai duwatsun Santolo da Fangwai. Tarihin Kano ya nuna Santolo ta daɗe tana gagarar sarakunan Kano, sai a zamanin Sarki Yaji, wanda aka lissafta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, aka ci ta da yaƙi bayan zuwan Wangarawa daga Mali. Murray Last, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya yi rubutu a kan matsugunan Santolo da Fangwai a 1979, ya jawo hankalin masana da su daina kallon Dala ita kaɗai in suna neman mafarin Kano. A ganinmu gaskiyarsa ce. Garin da ya iya yin ja-in-ja da Kano shekaru masu yawa ba ƙauye ba ne, kuma abin takaici ne a ce motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil kullum cike suke da ɗalibai da ma'aikata waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba.

Don a san abin da ake samu in an yi tono na sosai, sai a dubi waɗansu wurare. A ƙasar Nok, kudancin Jihar Kaduna, masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, sun fara aiki a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Sun gano cewa mutanen da suka gina mutum-mutumin yumɓu na Nok sun zauna a wurin tun wajen shekara 1,500 kafin Miladiyya, suna noma gero da wake, suna cin atili. A 2021 kuma aka ba da sakamakon awon tsingaron tukwanensu, inda aka sami alamar kakin zuma. A Dufuna ta Jihar Yobe, wani Bafillatani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a duniya.

Durbi Takusheyi kusa da Mani a ƙasar Katsina ita ce ta fi kusa da zancenmu. Palmer ya fara buɗe kaburburan a 1907, aka sake tona waɗansu a 1992. An sami zinariya, da mundayen hauren giwa, da wuri wanda asalinsa daga Tekun Indiya yake, da tasar ƙarfe irin ta ƙasashen gabas, an kuma ƙiyasta su tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wannan shaida ce ta hannu cewa fataucin ƙasar Hausa ya kai nesa tun zamanin su Yaji. A Jamhuriyar Nijar ma, Anne Haour ta tona Kufan Kanawa a yankin Damagaram, inda mutanen wurin ke cewa nan ne tsohon mazaunin Kanawa, awo ya nuna an zauna a cikinta tsakanin ƙarni na 14 da na 17.

To, abin tsoron shi ne kufai ba ya jiran kowa. Gari yana faɗaɗa, ana yanka filaye, ana haƙar ƙasar gini, ana fasa duwatsu don tsakuwa, kuma katafila ba ta bambance tudun banza da tudun da ya ƙunshi tarihin shekara dubu. A ƙasar Nok ɓarayin kayan tarihi sun yi kaca-kaca da wurare masu yawa a shekarun 1990, suka kwashe mutum-mutumin zuwa kasuwannin Turai. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana tonon kufai ba tare da izini ba, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje. Amma doka tana takarda, manomi yana gona, shi ne kuwa yake fara ganin abin.

Alamomin ba su da wuyar ganewa: tsingaro mai zane barbaje a gona, tarin kashin maƙera, tsohon dutsen niƙa a inda ba gida, ragowar ganuwa, ko ɗan dutsen nan mai kaifi da ake kira gatarin aradu, wanda a gaskiya hannun ɗan Adam ne ya wasa shi kafin a san ƙarfe. Malamin gona, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin safiyo da ya ga irin wannan, abin da ya kamata shi ne ya bar shi inda yake, ya shaida wa dagaci, a kai labari Gidan Makama a Kano, inda ma'aikatan hukumar suke. Dalili kuwa, tukunyar da aka ciro aka wanke aka ajiye a ofis ta rabu da gawayin da ke kwance kusa da ita, gawayin nan kuma shi ne ake aunawa a san shekarunta.