Yaran da Kasuwar Litinin Ba Ta Sake Gani Ba

Duk wanda ya yi zaman shago a Kasuwar Litinin ta Maiduguri ya san cigiya iri biyu ce. Akwai ta yaron da ya saki zanen uwarsa a cunkoso. Wannan sai a riƙo hannunsa a kai shi masallaci ko wurin shugabannin kasuwa, a yi shela a lasifika, kafin la'asar uwar ta iso tana kuka tana yi masa faɗa. Akwai kuma wadda ba ta ƙarewa. Mai irin wannan cigiya ba ta ɗaga murya. Za ta tsaya bakin shagonka, ta gaishe ka da kyau, ta kwance bakin mayafi ta fito da ɗan hoto a cikin leda, ta ce ko Allah ya sa ka taɓa ganin wannan. Ni da nake sayar da zare, allura da maɓalli, mata ne yawancin masu zuwa wurina, don haka na ga irin waɗannan hotuna fiye da yadda zuciya take so.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Satumba na 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce kusan mutum 22,000 aka kai mata cigiyarsu a Najeriya, adadin da a lokacin ya fi na kowace ƙasa a littafinta, kuma kashi 60 cikin 100 yara ne a ranar da suka ɓace. Zuwa 2022 lissafin ya haura 25,000, cikinsu yara kusan 14,000. Mafi yawansu daga Borno, Yobe da Adamawa suke. Ƙungiyar da kanta ta sha faɗa cewa wannan adadin na waɗanda danginsu suka samu isowa wurinta ne kawai. Wanda yake can bayan Marte ko Abadam, bai san da wani ofishi ba, cigiyarsa a bakinsa ta tsaya.

Akwai wani yaro da nake tunawa, ba zan kama sunansa ba saboda mahaifiyarsa tana raye. Shekararsa 15, baro yake turawa. Yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, kuma ya ɗaure wani jan ƙyalle a hannun baronsa don kada ya ruɗe da na sauran yara. In na sari kaya shi ke ɗauko mini daga bakin titi. A 2013 ne, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu an katse layukan waya, lokacin da in mutum ya fita gida ba ka da hanyar jin muryarsa sai ya dawo da ƙafarsa. Wata ranar ya ɗauki kayan wani mutum zuwa tasha. Da magariba ta gabato, ana ta sauri a rufe shaguna saboda dokar hana fita, aka ga baron a jingine kusa da ƙofar kasuwa da jan ƙyallensa. Shi ke nan abin da kowa ya sani, har yau.

Kashegari da sassafe mahaifiyarsa ta zo. Na ce, "Iya, ki kwantar da hankalinki, wataƙila dokar ce ta rutsa da shi ya kwana wurin abokai." Ta ce, "Ɗana, yaron nan bai taɓa kwana bai kawo mini kuɗin cefane ba." Daga nan ta shiga yawo. Ta je ofisoshi ana ce mata ta dawo gobe. Ta shiga ɗakin ajiye gawa ta toshe hanci da mayafi tana duba hannuwan hagu. Ta je wurin masu duba, kowa da ƙasar da ya buga mata. Wani mutum ya ce ya san inda ake tsare da yaron, in ta kawo kuɗi zai fito da shi. Ta sayar da keken ɗinkinta ta ba shi, shi ma ba ta ƙara ganinsa ba. Bayan shekaru maganarta ta koma guda ɗaya, wadda duk uwar da ke cikin wannan hali take faɗa: ko gawarsa ce a ba ni in binne.

Abin da ke hana irin wannan uwa barci shi ne ba ta san ta wace ƙofa aka fita da ɗanta ba, kuma ƙofofin a wancan zamani suna da yawa.

Ta farko ita ce daji. 'Yan Boko Haram sun kwashi yara, wasu da bakin bindiga, wasu da ruɗi da ɗan jari. Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka ɗauke a daren 14 ga Afrilu 2014, ta kuma san na Dapchi 110 na ranar 19 ga Fabrairu 2018, waɗanda aka dawo da yawancinsu aka riƙe Leah Sharibu, tana da shekara 14 a lokacin. Amma mutum nawa suka san Damasak? A watan Nuwamba 2014 mayaƙan suka kama garin, suka tsare yara kusan 300 'yan makarantar firamare ta Zanna Mobarti. Da sojojin Chadi da Nijar suka matso a watan Maris 2015, sai suka gudu da su tare da mata. Ƙungiyar Human Rights Watch ce ta tono maganar a 2016. Yaran sun fi na Chibok yawa, sun fi su ƙanƙanta, amma ba a buga hotonsu a riga ba, ba a yi musu zanga-zanga a Abuja ko Landan ba. Ba ina rage wa iyayen Chibok zafinsu ba ne, Allah ya bayyana musu sauran 'ya'yansu. Ina cewa ne ɗan talakan da ba shi da mai magana da yawunsa, sau biyu yake ɓacewa: a ɗauke shi, sannan a manta an ɗauke shi.

Mu 'yan wannan kasuwa mun ga inda wasu yaran suka ƙare. Ranar 25 ga Nuwamba 2014 mata biyu suka tashi bam a cikinmu, mutane da dama suka rasu. Ranar 10 ga Janairu 2015 wata yarinya da shaidu suka ce ba ta wuce shekara 10 ba, bam ya tashi a jikinta a bakin ƙofa ana cikin bincike. Mun yi kukan mamatanmu, mun tsine wa waɗanda suka aiko ta. Sai daga baya tunani ya zo mini cewa ita ma 'yar wani ce, kuma mai yiwuwa a daidai wannan lokaci wata uwa tana wani ƙauye tana cigiyarta. Asusun UNICEF ya ƙirga yara 83 da aka ɗaura wa bam daga Janairu zuwa Agusta na 2017 kaɗai, 55 daga cikinsu mata. Wa ya rubuta sunayensu? Wa ya je ya gaya wa iyayensu?

Ƙofa ta biyu ita ce kame. Wannan ce mutane ke rage murya in za su ambata, amma rubuce take a rahotanni. A shekarun 2012 zuwa 2014 akan zagaye unguwa bayan an kai hari, a fito da maza da samari a jera su, wani da aka ɓoye fuskarsa ya yi nuni, wanda aka nuna a jefa shi mota. Amnesty International ta ce a rahotonta na Yuni 2015 an kama mutum aƙalla 20,000, kuma sama da 7,000 sun mutu a tsare tun daga Maris 2011, da yawa a Barikin Giwa da ke nan cikin gari. Da Boko Haram ta fasa barikin ranar 14 ga Maris 2014, Amnesty ta ce an kashe fiye da 640 daga cikin tsararrun da aka sake kamawa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta lissafa yara sama da 3,600 da aka tsare tsakanin Janairu 2013 da Maris 2019. Rundunar soji ta musanta waɗannan zarge-zarge. Na san sojoji da 'yan kato-da-gora da yawa sun ba da ransu don mu buɗe shago da safe, ba na mantawa da wannan. Amma musu ba ya gaya wa uwa inda ɗanta yake. An saki wasu yaran ta cibiyar Bulumkutu, an kai wasu manya Kainji aka yi musu shari'a daga 2017, wasu kuma aka kai su Malam Sidi a Gombe. Sauran fa?

Ta uku ita ce gudun kansa. Da Gwoza ta faɗi a Agusta 2014, Bama a Satumba, Baga a Janairu 2015, iyali ɗaya sukan watse gida huɗu. Uwa ta tsinci kanta a sansanin Dalori ko Bakassi, uba a Minawao ta Kamaru, yaro ya bi ayarin da ya tsallaka Diffa ko ya shiga kwale-kwale zuwa Baga Sola ta Chadi. Almajiran da malaminsu ya rasu ko ya gudu, su ba su ma san sunan ƙauyensu da kyau ba. A nan ne aka fi samun labari mai daɗi, domin Red Cross ta haɗa iyalai da dama ta hanyar hotuna da wasiƙu da kiran waya. Sai dai tun 2021 da gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri, mutane sun sake warwatsuwa, adireshin da uwa ta bari a takardar cigiya ya zama na wurin da babu kowa.

Kada wanda ke Kano ko Zariya ya ɗauka wannan ciwon na Borno ne kaɗai. A Oktoba 2019 'yan sanda suka ceto yaran Kano tara da aka sace, yawancinsu an sayar da su a Onitsha an canza musu suna. Wasu daga iyayensu sun yi shekaru suna cigiya ba yaƙi ba komai.

Mutuwa tana da ladubbanta. A yi wanka, a yi salla, a kai mutum makwancinsa, a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku da bakwai da arba'in, zuciya ta fara saduda. Ɓata ba ta da ko ɗaya. Ba a yi wa Iya, uwar yaron nan mai baro, ta'aziyya ba, domin wa zai fara? Malamanmu na Malikiyya sun yi wa matar wanda ya ɓace hukunci: ta kai ƙara wurin alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ta ce in an shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba ana iya ɗaukarsa a matsayin mamaci. Duk wannan yana warware maganar aure da gado. Yaro ɗan shekara 15 ba shi da mata, ba shi da gado sai baro. Babu alƙalin da zai yanke wa uwa ranar da za ta daina jin motsin ƙofa.

Matan da suka gaji da jira su ne suka fara yin abin da ya kamata hukuma ta yi. Da taimakon Hajiya Hamsatu Allamin da gidauniyarta, iyaye mata suka haɗu a ƙungiyar Jire Dole, matan da aka raba da mazajensu daga yankin Bama kuma suka kafa Knifar. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma sun tara sunaye, da ranar da aka tafi da mutum, da unguwar da aka ɗauke shi, suka kai wa hukumomi da kwamitocin bincike. Wasu daga cikin mazajen matan Knifar sun fito bayan shekaru. Jaridar HumAngle ma ta buɗe rumbun sunayen ɓatattu a intanet.

Ni ɗan kasuwa ne. Ko maɓallin naira hamsin na bayar bashi sai na rubuta, kuma da gobarar 26 ga Fabrairu 2023 ta cinye kasuwar nan, kafin toka ta huce kowa ya zauna ya sake tsara littafinsa daga ka. To ta yaya za a ce an tsare ɗan Adam, an ciyar da shi ko an binne shi, ba a rubuta ko'ina ba? Ban yarda ba. Wurin tsaro yana da rajista, asibiti yana da ta gawa, masu binnewa suna da lissafi, masu tantance waɗanda suka fito daga daji suna ɗaukar suna da hoto. Dubban mayaƙa da iyalansu sun miƙa wuya tun daga 2021, kuma a cikinsu akwai wanda ya san yaro kaza ya mutu a wuri kaza, ko yana raye a tsibiri kaza. A tambaye su, a rubuta. Najeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana ɓatar da mutane ranar 27 ga Yuli 2009, a makon da rikicin nan ya ɓarke a Maiduguri, kuma yarjejeniyar ta ce dangi suna da haƙƙin sanin gaskiya. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙara jaddada haka a ƙuduri na 2474 a 2019. Abin da ya rage shi ne a haɗa littattafan wuri ɗaya, a buɗe ofishi a kowace ƙaramar hukuma inda uwa za ta zauna a duba mata ba tare da ta ba kowa ko sisi ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumba 2024 ta shiga kasuwar nan da Gwange da unguwannin kewayen fadar Shehu, ta tafi da takardu da hotunan da wasu iyaye ba su da kwafinsu. Shaidu suna tsufa, iyaye suna rasuwa da tambayarsu.

Ga mai karatu da ke da ɓataccen ɗa ko ƙane: ka je ofishin Red Cross mafi kusa ka shigar da cigiya, kyauta ne, in ka sauya gida ko lambar waya ka koma ka sanar. Ka rubuta ranar, da wurin, da tufafin da ke jikinsa, da duk wani tabo, ka ɗauki hoton hotonsa a waya ka tura wa 'yan uwa. Duk wanda ya ce kawo kuɗi in fito maka da shi, kada ka ba shi. In yaro ya ɓace yau, a sanar da Bulama da 'yan sanda da gidan rediyo yau ɗin, kada a bari sai gobe. Mu kuma masu shaguna, yaran da ke yi mana dako mu san cikakken sunansu da na iyayensu da unguwarsu. Ranar 30 ga Agusta ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da ɓatattu ta duniya. Ina roƙon shugabannin Kasuwar Litinin, a wannan rana a ajiye tebur da littafi a bakin babbar ƙofa, duk mai cigiya ya zo a rubuta sunan nasa, sannan mu ɗauki littafin da hannunmu mu kai gidan gwamnati.