Lissafin Fawa Ya Shiga Waya: Yaya Ke Nan In Sabis Ya Ɗauke?

Unguwar Abatuwa da ke Jos, babban birnin Jihar Filato, ta samo sunanta ne daga mayankar dabbobi da ke wurin. Tun da asuba mahauta da dillalai ke hallara, kuma yawancin cinikin a kan amana ake ƙulla shi, watau a karɓi sa yau, a biya bayan an sayar da nama. Abin da ke riƙe da wannan amana shi ne littafin bashi. Haka al'amarin yake a mayankar Oko-Oba ta Agege a Ikko, da sauran wuraren da 'yan Arewa ke fawa a Kurmi.

Yanzu da wayar salula ta game gari, akwai manhajoji masu yawa da ke kiran ɗan kasuwa ya ajiye littafi ya zuba lissafinsa a waya. To, amma kafin mutum ya yi haka, ya kamata ya san inda lissafin nan zai kwana.

Manhajojin iri biyu ne. Iri na farko ba ya ajiye kome a wayar. Duk abin da aka rubuta sai ya bi ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta ta kamfani, wadda ake kira rumbun bayanai. In sabis ya ɗauke, littafi ya rufe ke nan. Iri na biyu kuwa a cikin wayar yake fara rubutawa, sa'an nan in an sami sabis ya aika wa rumbu, rumbu kuma ya isar wa sauran wayoyin da ke tarayya a lissafin. Wasu masana, cikinsu har da Martin Kleppmann na Jami'ar Kambirij ta Ingila, sun fito da ƙa'idodin wannan tsari a 2019, suka raɗa masa suna mai ma'anar "na hannu tukuna".

Ɗaukewar sabis ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba sadarwa. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta cije a wurare da dama.

Mazauna Ikko sun taɓa cin moriyar iri na biyu. Cutar Ebola ta shigo birnin ranar 20 ga Yuli, 2014, aka shiga bin sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu ciwon, ana auna zafin jikin kowa har kwana 21. An raba wa ma'aikatan lafiya wayoyi masu manhajar da ke karɓar bayani ko babu sabis, ta aika daga baya. Ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano tana cikin waɗanda suka taimaka a aikin. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kana ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a Nijeriya.

Sai dai wuyar aikin tana wajen daidaita rubutu biyu. Alal misali, a ce wa yana Abatuwa, ƙane yana Agege, suna bin wani mahauci Naira 500,000. Ran nan babu sabis, mahaucin ya ba wan 200,000, yaronsa kuma ya kai wa ƙanen 150,000. Wayar Jos za ta ce saura 300,000, ta Agege ta ce saura 350,000. In manhajar ragowar kuɗi kaɗai take riƙewa, to wanda ya rubuta daga baya shi zai shafe na ɗan'uwansa, biya guda ya ɓace, rigima ta tashi tsakanin mutanen da babu maƙaryaci a cikinsu. Manhaja ta ƙwarai kowane biya take rubutawa daban, da lokacinsa da sunan wanda ya karɓa. Da wayoyin sun haɗu da rumbu sai a tara duka, kowa ya ga saura 150,000.

Akwai kuma abin da tsarin ba ya iyawa. Lissafi ana iya rubuta shi ba sabis, amma tura kuɗi sai banki ya tabbatar, don haka kada a saki dabba saboda hoton rasit da aka nuna a waya. Bugu da ƙari, wayar da ta ɓata ko ta faɗa ruwa kafin ta aika wa rumbu ta tafi da abin da ke cikinta.

Saboda haka mai niyyar komawa waya ya yi gwaji tukuna. Ya kashe data ya gani ko zai iya buɗe tsohon lissafi ya kuma ƙara sabo. Ya sa abokin cinikinsa ya rubuta a tasa wayar, su kunna data su duba ko rubutun biyu sun fito. Ya kuma tambaya ko zai iya fitar da lissafinsa a takarda in kamfanin ya rufe. Manhajar da ta kasa waɗannan ba ta kai littafi ba, domin masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.