Ƙarfe a Cikin Magani: Abin da Hantar Ɓeraye ta Nuna

A Indiya akwai wani reshe na maganin gargajiyar Ayurveda da ake kira Rasa Shastra, inda ake ƙona zaiba ko dalma tare da ganyaye har su koma toka, sannan a ba mara lafiya. Masu haɗin sun ce wutar tana kashe dafin. A ƙasar Sin ma an daɗe ana saka wani jan dutse mai ɗauke da zaiba a maganin rashin barci.

Masana ba su tsaya ga faɗar masu haɗin ba. Sukan ɗura wa ɓeraye irin waɗannan ƙarafa na tsawon makonni, su ɗebi jininsu, daga baya su duba hantarsu a madubin likita. Idan hanta ta ji rauni, wasu sinadarai biyu, ALT da AST, sukan tsiyayo daga cikinta su yawaita a jini, kuma hakan ake gani a ɓerayen da aka ba dalma. Ƙwayoyin hantar sukan kumbura, wasu su mutu, garkuwar da take kare kanta da ita ta ragu. Gaskiya ne jan dutsen nan bai kai narkakkiyar zaiba haɗari ba, domin hanji ba ya tsotse shi sosai. Amma idan aka daɗe ana ba dabba da yawa, zaibar tana taruwa a ƙoda da hanta. Ita kuwa hanta mai haƙuri ce, takan daɗe tana lalacewa kafin ido ya yi rawaya.

A 2004, Dakta Robert Saper da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa sun auna magungunan Ayurveda 70 da suka saya a shagunan Boston, suka tarar 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko arsenik.

Kada Bahaushe ya ce abin na nesa ne. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Najeriya da dalma ta hau jininsa saboda kwallin da ake saka masa, wanda aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 ɗinsa dalma ce. Wanda ya daɗe yana shan garin maganin da bai san haɗinsa ba, ya je asibiti da ragowar, a auna masa jini da hanta.