Daga wuri zuwa dala: asalin sunayen kuɗinmu

Ga wata tambaya. Idan aka rubuta 500 a jikin takardar kuɗi, don me mutumin Maraɗi ko na Tawa yake ce mata dala ɗari? Ina ɗari biyar ɗin ta tafi? Amsar tana da nisa, har sai mun ƙetare teku biyu kafin mu same ta.

Bari mu fara da kalmar kuɗi kanta. Mutane da yawa ba su san cewa jam'i ce ba. Ɗaya shi ne wuri, masu yawa su ne kuɗi. Wannan ɗan farin ƙoƙo da ake yi wa ƙwarya da layu ado da shi yau, shi ne kuɗin kakanninmu. Shi ya sa har gobe matalauci yake cewa ko wuri ba shi da shi.

Abin mamaki, ba a samun wuri a Kwara, ba a samunsa a tabkin Cadi. Wata ƙaramar dabbar ruwan gishiri ce take zama cikinsa, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldib aka ɗebo shi, can cikin tekun Indiya. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna a tsibiran, ya ga ana ba da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya. Da ya zo ƙasar Mali a 1352, sai ya tarar wuri 1,150 kawai ake bayarwa a kan dinari. Nisan hanya ne ya mai da abin banza dukiya. A 1353 ya biyo ta Takadda, a yamma da Agadas, inda ya ga mutane suna sayen nama da hatsi da ƴan sandunan jan ƙarfe.

Wuri yana da amfani: ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, kuma ba mai iya ƙera na jabu. Amma yana da nauyi. Wuri 20,000 shi ne keso guda, kayan namiji ƙaƙƙarfa. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya biyo ta Tasawa ya shiga Kano a 1851, ya ga ana ba da wuri 2,500 a kan azurfa guda. Ke nan mai sayen doki sai ya nemi ƴan dako su ɗaukar masa kuɗinsa, ya kuma zauna tsawon yini ana ƙirga.

To, wace azurfa ce wannan? A nan dala ta shigo. Wajen shekara ta 1520, a wani kwari da ake kira Yowakimstal, cikin ƙasar Cek ta yau, aka fara buga wani babban kuɗin azurfa. Da Jamusanci kwari shi ne tal, saboda haka aka riƙa ce wa kuɗin tala. Sunan ya bi duniya. Mutanen Amurka suka ɗauke shi suka raɗa wa kuɗinsu a 1792. Mu ma ya iso mana, muka ce dala. Ashe dalar tsohuwa mai sayar da ƙuliƙuli da dalar Amurka kakansu ɗaya ne.

Cikin irin waɗannan kuɗi, wanda ya fi shahara a ƙasashenmu shi ne mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Nauyinsa giram 28 ne. Fatake suka shigo da shi ta hamada, daga Tarabulus zuwa Agadas, Damagaram, Kano da Barno. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma mutanen Afirka da na ƙasar Larabawa suka ƙi yarda da wata azurfa in ba mai hotonta ba. Don haka aka ci gaba da buga shi, kuma kowanne aka buga sai a rubuta masa 1780, ko da an yi shi bayan shekara ɗari biyu. Maƙeran farin ƙarfe sun narkar da shi da yawa, sun yi mundaye da zobba da kayan adon Agadas.

Da Faransa ta kafa mulkinta, sai ta zo da nata kuɗin, ta ce da shi za a biya lanho. Cikinsu akwai azurfar tamma biyar, mai nauyin giram 25, wadda ta yi kama da tsohuwar dala a girma. Jama'a suka ba ta sunan da suka sani. Tun daga nan dala ta zama tamma biyar. An kafa kuɗin sefa ran 26 ga watan Disamba 1945, an rage darajarsa da rabi a 1994, amma lissafin dala bai motsa ba. Ba mu kaɗai ba ne: Zabarmawa ma dala suke cewa, Fulani suna cewa mbuuɗu, mutanen Cadi riyal, kuma duk tamma biyar suke nufi.

Wannan labari yana da amfani ga aljihu. Takarda da tamma take ƙirga, baki kuwa da dala. Wanda ya koyi karatun lambobi amma bai riƙe wannan ba, ana iya cutarsa ido buɗe. Ƙa'idar ba ta da wuya: lambar da ka gani a rubuce, raba ta gida biyar, ka sami dala. 100 dala ashirin ce, 500 dala ɗari, 1,000 kuwa dala ɗari biyu, wato jikka guda. In kuma da baki aka yi ciniki, ninka dalar sau biyar kafin a rubuta. Wanda ya sayar da akuya dala dubu uku, 15,000 ya kamata ya gani a takarda. Idan 3,000 aka rubuta, kada ya sa hannu, kada ya dangwala yatsa, sai an gyara.