Zangunan Ghana na jiran sakamakon tattaunawar ECOWAS da AES

Tun ranar 29 ga Janairun 2025 da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso, ƙasashen ƙawancen AES, daga ECOWAS ta tabbata, wata tambaya ke yawo a zangunan Ghana, daga Nima ta Accra har Kumasi: mai takardar Nijar, yanzu mene ne matsayinsa?

Jikokin fataken goro da suka zauna Salaga da Kumasi tun zamanin kakanni dai 'yan ƙasa ne. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan uwansu da suka zo daga baya, daga Tawa da Maraɗi da Damagaram: dillalan albasa, mahauta, masu awon hatsi, direbobin manyan motoci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba su damar shiga ba biza har kwana 90, a kanta kuma aka gina 'yancin zama da na sana'a. ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin kayansu su wuce kamar da, amma ta ƙara da cewa har sai an yi wata sanarwa. Zaman aro ke nan.

Dattawan zango kuwa suna da dalilin fargaba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Mutane suka karyar da gidaje da shaguna a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, har waɗanda aka haifa a can suka bi ayarin komawa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Labarin yana nan a bakin tsofaffi har yau.

Albasa ce ta fi nuna inda gizo ke saƙa. Ta Galmi, mai launin ja-ja, tana cikin wadda ke cika kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar Accra a 2021. Albasa kuwa ba ta jira. Mota ta kwana biyu a bakin iyaka cikin zafi, buhunan ƙasa sun fara ruɓewa, asarar kuma ta mai kaya ce, wanda sau da yawa bashi ya ɗauko. Ga iyakar Nijar da Benin da aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga hanyar Burkina da 'yan bindiga suka addaba. A Maris 2025 kuma ƙasashen AES suka sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje.

Ghana dai ta yi ƙoƙari. Shugaba John Mahama ya naɗa wakili na musamman kan AES, ya kuma zagaya Bamako da Yamai da Wagadugu a Maris 2025. A Mayu shugaban hukumar ECOWAS, Omar Alieu Touray, ya zauna da ministocin wajen ƙasashen uku a Bamako. Sai dai irin wannan zama, maganar tsaro da girman shugabanni ke cinye shi, talaka ya tashi da alkawarin baki.

Ya kamata sarakunan zango da shugabannin 'yan kasuwa su kai kukansu Accra da Yamai tun yanzu, su nemi a rubuta 'yancin shiga da na zama da na sana'a a yarjejeniyar da kowane ɓangare zai sa wa hannu.